Tsofaffin taswirorin layin dogo: a naɗe su ko a shimfiɗa?

Malam, ka ce ka gaji taswirorin layin Kwatano zuwa Paraku da zanen kan jirgi daga mahaifinka, tsohon ma'aikacin OCBN, wato tsohon kamfanin jirgin ƙasa na haɗin gwiwar Benin da Nijar, kana neman yadda za ka adana su a Yamai. Don Allah kar ka manna musu salatif, kar ka kai a liƙe su cikin leda, gam ɗin yana cin takarda. Ka shimfiɗa su a aljihun tebur mai faɗi, nesa da bango saboda gara da laimar damina. Wanda ya bushe a naɗe, kar ka buɗe shi da ƙarfi, balle da hunturu, tsagewa zai yi. Masu launin shuɗin nan kuwa rana ce maƙiyiyarsu, nan da nan suke koɗewa. Ka fara ɗaukar hotonsu tukuna.