Tanda Daban, Waina Daban: Yaushe Kilas Ke Haifar Da Objek?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python a Yaba, ina haɗa wa yayana 'yar manhajar lissafin shagonsa na Mile 12. Na miƙa wa wani fankishan kilas ɗina mai suna Kwando, sai kwamfuta ta ce wai babu self. Da na rubuta Kwando() kuskuren ya tafi, amma yanzu kayan duk kwastomomi a kwando ɗaya suke taruwa. Ina na kuskure? — Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Tunda a Agege kake, ka san masu waina. Kilas tanda ce, objek kuwa waina. In ka ara wa maƙwabciya tanda, ba ka ba ta abin ci ba, sai ta zuba ƙullu.

A Python, wadda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kilas ma kansa abu ne da ake miƙawa hannu da hannu kamar lamba ko rubutu. Rubuta Kwando kawai ba ya ƙirƙirar komai. Baka-biyun nan, wato () da ka sa a ƙarshen Kwando, su ne zuba ƙullun: da ka sa su, Python ta fara kiran __new__ ya samar da sabon objek, sannan __init__ ya cika shi da bayanai. Self ɗin da aka ce babu, objek ɗin ne da ba a kai ga yi ba, kai kuma ka nemi a ci tanda.

Gyaranka ne ya jawo matsala ta biyu. Waina ɗaya tal ka toya a waje, kana ta miƙa wa kowa ita, domin Python ba ta kwafar objek in an miƙa shi, nuni kawai take yi zuwa gare shi. Kowa ya zuba tumatirinsa, wuri guda ya faɗa.

Ni dai na fi son ka koma miƙa kilas ɗin tsurarsa, amma a cikin fankishan ɗin ka kira shi da baka-biyu duk sanda sabon kwastoma ya zo. Haka defaultdict ke yi, wani ma'ajin Python da ke adana kowane abu a ƙarƙashin maɓallinsa: kilas ɗin list, mai samar da jerin abubuwa, kake ba shi ba baka-biyu, shi ke kiransa da kansa in ya ga sabon maɓalli. In ka kai ga Django ma, kayan aikin Python na gina shafukan intanet, za ka ci karo da wannan: a default ɗin kwanan wata, wato abin da za a sa in ba a ba da komai ba, timezone.now ake rubutawa, fankishan mai ba da lokacin da ake ciki. Ka ƙara masa baka-biyu, duk rasit ɗin yayanka zai fito da lokacin da aka kunna sabar, wato manhajar da ke gudanar da shafin.