Tsakanin Oracle, SQL Server da PostgreSQL: Amsa ga Alhajin Aboabo da Wata Ma'aikaciyar Asibiti a Nima

Wasiƙar farko ta fito daga wani Alhaji mazaunin Aboabo a Kumasi, mai sayar da kayan gyaran mota a Suame. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Muna da shaguna uku da ma'aikata 18 da ke shigar da lissafi kullum. Wanda ya sayar mana da manhajar lissafi ya ce sai mun sayi saba (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan sauran kwamfutoci) mun girka SQL Server. Ɗana da ya karanci kwamfuta ya ce PostgreSQL kyauta ce, wani aboki kuma ya ce Oracle manyan bankuna ke amfani da ita. Ga shi an kawo mini tallan tsohuwar saba mai ƙwayoyin sarrafawa 32 da araha, wai har da manhajar a ciki. Wanne zan kama?"

Ranka ya daɗe Alhaji, kafin ka fitar da sidi ɗaya, ka nemi wanda ya sayar muku da manhajar lissafin ya rubuta maka a takarda irin rumbun bayanan da manhajarsa ke aiki da shi, wato manhajar adana bayanai irin su Oracle, SQL Server da PostgreSQL, da sigarsa da shekarar fitarsa. Wannan takardar ce za ta yanke hukunci, domin manhajar da aka gina a kan SQL Server ba za ta zauna a kan PostgreSQL ba don kawai ta fi araha. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba, PostgreSQL kyauta ce, kuma ba abin rainawa ba ce: asalinta aikin bincike ne da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, kuma duk babbar sigar da ta fito ana kula da gyaranta na tsawon shekara biyar. Idan mai manhajarku ya ce tana karɓarta, ni ita zan zaɓa maka, in zuba kuɗin lasisin wajen biyan ƙwararren da zai riƙa kula da ita.

Batun Oracle kuwa, rigar ta fi ƙarfin wuyan shaguna uku. A farashin da kamfanin ya wallafa, lasisi ɗaya na Enterprise Edition dala 47,500 ne, kuma a injinan Intel da AMD kowace ƙwaya biyu lasisi ɗaya ake lissafa musu. Waccan saba mai ƙwaya 32 lasisi 16 ke nan, dala 760,000, ban da kashi 22 cikin ɗari na kuɗin kulawa da ake biya duk shekara.

A nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin mutanenmu da yawa suna auna tsadar saba da kuɗin ƙarfenta kaɗai, alhali yawan ƙwayoyinta ne ke kumbura kuɗin lasisi. A jadawalin Microsoft na SQL Server 2022, sigar Standard tana da hanyar biya biyu. Ko dai a biya dala 3,945 ga kowace ƙwaya biyu, kuma dole a biya wa duk ƙwayoyin da ke cikin injin, wanda a tsohuwar sabar nan ya haura dala 63,000, ko da yake Standard ba ta iya amfani da fiye da ƙwaya 24. Ko kuma a biya dala 989 na saba, a ƙara dala 230 ga kowane ma'aikaci. Da mutum 18, hanya ta biyu ba ta kai dala 5,200 ba, ita ce ta dace da kai. Akwai kuma Express wadda kyauta ce, amma a sigar 2022 kowane rumbu ba ya wuce gigabait 10, kuma ba ta da sashen da ke tsara ayyuka su gudana da kansu, don haka sai an nemo wata dabara ta ɗaukar kwafin ajiya kowane dare. Ka tambayi girman bayananku na yanzu. Mai yiwuwa Express ta ishe ku shekaru.

Manhajar da aka ce tana cikin tsohuwar sabar ita ce ta fi tayar mini da hankali. Galibi ko sigar Developer ce, wadda sharaɗinta gwaji da koyo ne kawai, ko ta sata ce, ko tsohuwa irin ta 2012 da 2014 waɗanda Microsoft ta daina yi musu gyaran tsaro a 2022 da 2024. Bashin da kake bin masu gareji da lissafin kayan da ke sito ba abin ɗorawa a kan irin wannan ba ne. Saba mai ƙwaya takwas, da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 32 irin mai gyara kurakuranta, da faifan SSD biyu masu kwafar juna, ta wadatar da kai. Ka haɗa mata na'urar batir wadda za ta iya umartar sabar ta kashe kanta a natse idan wuta ta ɗauke, domin duk wanda ya ga zamanin dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya san yadda yankewar wuta ana tsakiyar rubutu ke lalata bayanai.

Wasiƙa ta biyu daga wata ma'aikaciya ce a wani ƙaramin asibiti a Nima, Accra: "An girka mana rumbun bayanan marasa lafiya, amma sunayen da ke da ƙ da ɗ suna komawa alamar tambaya. Shugabanmu kuma yana so mu mayar da komai intanet mu huta da saba."

Ƙanwata, matsalar haruffan daga ranar girkawa ta samo asali. An bar tsarin haruffa na Turai ta Yamma, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ na Hausa ba, bai kuma san ɛ da ɔ na Twi da Ga ba, ballantana alamar sidi ₵. A PostgreSQL ana zaɓar tsarin haruffa na UTF8 lokacin ƙirƙirar rumbu, a Oracle ana zaɓar AL32UTF8, a SQL Server kuma ana ajiye sunaye a gurbi nau'in nvarchar, ko a ɗauki tsarin UTF-8 da ya shigo a sigar 2019. Ku gyara da wuri, domin harafin da ya riga ya koma alamar tambaya a cikin rumbun ba ya dawowa, sai an sake shigar da sunan da hannu daga katin mara lafiya.

Tunda za a taɓa saitin, ki sa a duba ƙofar da rumbun ke saurare, 1433 a SQL Server ko 5432 a PostgreSQL, a tabbatar ba ta buɗe ga intanet ba, sai kwamfutocin asibiti kaɗai. A rufe babban asusun SQL Server mai suna "sa" ko a ba shi doguwar kalmar sirri, kowane ma'aikaci kuma ya shiga da nasa sunan. Wannan ya wuce son rai: dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane yin rajista da hukumar da ke kula da hakan, kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa.

Shawarar shugabanku tana da amfani, amma ki tuna masa ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Ghana da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin matsala. Asibitin da likita ba zai ga tarihin mara lafiya ba sai da intanet yana buƙatar layi biyu daga kamfanoni daban-daban. Ni da zan bar sabar a asibiti, in riƙa tura kwafin ajiya da aka kulle da mabuɗi zuwa intanet kowane dare, in ajiye wani a faifai a wani gini dabam. Sau ɗaya a wata kuma ki ɗauki kwafin jiya, ki buɗe shi a wata kwamfuta, ki nemo sunan mara lafiyan da aka gani na ƙarshe a ranar, ki tabbatar yana nan da haruffansa daidai.