Tambaya da Amsa: An sa min ƙarfe a ƙafa, zan samu gudun Legas na Fabrairu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan shekara 29 ne daga Zariya, shekara huɗu kenan ina gudun fanfalaki, na yi kilomita 21 sau uku, bana kuma na ƙudura zan je Legas in yi 42 ɗin gaba ɗaya. To tsakiyar Satumba da asuba ina cikin tirenin na faɗa rami a gefen titi ƙafar dama ta lanƙwashe, na ɗauka targaɗe ne aka kai ni wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure, sati biyu ba sauƙi sai da wani abokina ya matsa min na je asibiti aka ɗau hoto, ashe ƙashin gefen ƙafa ne ya karye, wanda ya haɗu da ƙaramin yatsa. Likita ya ce wai karayar Jones ake ce mata, aka yi min aiki aka zura ƙarfe a ciki. Yau sati bakwai da aikin, na ajiye sanda ina takawa da ƙaton takalmin nan da suka ba ni, wallahi ko ɗigon ciwo ba na ji. An ce in koma bayan sati uku a sake hoto amma ni gani nake lokaci na ƙure min, abokan guduna kullum sai sun turo kilomitocinsu a gurup ni ina zaune tumbi na fitowa. Dan Allah zan iya fara ɗan sassarfa yanzu? Kuma zan samu Legas ɗin? Sannan an ce ƙarfen yana jan sanyi da hunturu dole sai an cire, gaskiya ne? Daga wani makaranci a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ba zan ja ka da nisa ba, kar ka fara sassarfar nan yanzu, kuma 42 ɗin Fabrairun nan ka cire shi a ranka. Na san da zafi, duk wanda ya saba fita da asuba ya san yadda zaman nan yake cin rai, amma tsaya ka ji dalili.

Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta, biyar daga ciki dogaye ne da suka taso daga tsakiyar ƙafa zuwa yatsu, naka da ya karye shi ne na biyar, na can gefe. Matsalar ba girman karayar ba ce, wurin da ta faɗa ne. Daidai kusa da gindin ƙashin nan akwai ɗan wani yanki da jini ba ya isa sosai, kuma ƙashi da jini yake haɗewa, shi ya sa karayar wurin take da nawa, wani lokacin ma ta ƙi haɗewa sam. Sunan Jones ɗin daga wani likitan ƙashi ne na birnin Libaful, Robert Jones, shi da kansa ya karye a wurin yana rawa, ya rubuta bayaninta a 1902. Tun lokacin likitoci suke fama da taurin kanta.

To abin da ke ruɗar ka shi ne rashin ciwo, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Ƙarfen da aka zura ya riƙe ɓangarorin biyu ba sa motsi, in ba motsi kuwa ba ciwo, sai ka ji kamar ka warke alhali ƙashin bai gama ɗinkewa ba, ƙarfen ne ke ɗauke da kai. Ƙarfe kuma yana gajiya, kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya, ran da za ta katse ba ta sallama. Tafiya daban gudu daban, a gudu duk taku ɗaya ƙafa tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma a kilomita 42 za ka yi taku sama da dubu talatin. Shi ya sa likitanka ya ce a sake hoto, so yake ya ga layin karayar ya cike da idonsa, in hoton bai fito masa sarai ba yana iya cewa a yi sitii sikan, wato hoton da ke nuna ƙashin dalla-dalla, kar ka ga kamar son cin kuɗi ne.

In kana kallon ƙwallo ai ka tuna Neymar. Fabrairun 2018 a wasan PSG da Marseille ƙashin nan na biyar ya tsage masa a ƙafar dama, aka yi masa aiki a Barazil farkon Maris, ya samu ya buga kofin duniya a Rasha a Yuni, Janairun 2019 wurin ya sake samun matsala. Kevin Durant na ƙwallon kwando a Amurka ma an yi masa aikin karayar Jones a Oktoban 2014, ya dawo fili a Disamba, kafin ƙarshen Maris 2015 an shiga ƙafar nan har sau uku, na ukun sai da aka yi dashen ƙashi, wasa 27 kacal ya buga a kakar. Waɗannan fa mutane ne da likitoci ke kewaye da su dare da rana. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada da daɗewa, ba na so ka kai can.

Yanzu mu yi lissafi tare. Ko da hoton sati na goma ya yi kyau, tsakiyar Disamba kenan, saura wajen sati takwas ko tara a yi tseren. Mai lafiyayyar ƙafa ma shirin 42 yakan ci masa sati 16 zuwa 20, kai kuma sati shida na farko duk a koyon gudu za su tafi, ina za ka sa dogayen gudun kilomita 30 da ake yi kafin tsere? Babu wurinsu. Gudun Legas tun 2016 ake yin sa duk shekara, wanda zai biyo bayan na Fabrairun nan yana nan in Allah ya kai mu. In kana son abin da za ka sa a gaba don zuciya ta samu madafa, ka dubi na Okpekpe a jihar Edo, kilomita 10 ne, wajen watan Mayu ake yi, amma akwai hawa a hanyar, don haka shi ma sai da yardar likitanka.

Zaman jiran ba na kwanciya ba ne. Ka tambayi likita ko ya yarda ka hau keken motsa jiki na jim, yawanci a wannan matakin ana bari, ka taka feda da tsakiyar ƙafa ko dunduniya ba da gefe ba. In ɗinkin ya warke tas kuma kana da inda ake ninkaya to ka samu babban rabo, har gudu ana yi a cikin ruwa mai zurfi ƙafa ba ta taɓa ƙasa, numfashinka zai tsaya da ƙarfinsa. Ka je sashen gashin ƙashi su duba sharaɓarka, na tabbata in ka gwada ta dama da ta hagu yanzu za ka ga ta dama ta rame, idon sawun ma ya yi tauri saboda takalmin. Ƙugu da cinya da ciki duk a ba su aiki, su ne ke hana ƙafa karkacewa in gajiya ta zo.

Ranar da aka ba ka izini kuma ba gudu za ka fara ba. Sai ka iya tafiyar minti 30 zuwa 45 da sauri ba ɗingishi ba kumburi washegari, ka iya ɗaga dunduniya a ƙafar dama ita kaɗai wajen sau 20, ka iya ɗan tsalle a kanta ba tsoro. Sannan minti ɗaya sassarfa minti huɗu tafiya, ka maimaita sau biyar ko shida, yau ka yi gobe ka huta, a kan ciyawa ko jar ƙasa mai laushi kamar filin makaranta, ba kwalta ba. Duk sati ka ɗan ƙara kaɗan. Huhunka zai riga ƙashinka shiryawa, za ka ji kamar ka tashi sama, a nan ne za ka riƙe kanka. In ka danna daidai wurin karayar da yatsa ka ji zafi, ko ciwo ya dawo a gefen ƙafar yana ƙaruwa kana gudu, tsaya ranar, ka koma asibiti, kar ka sha diklofenak ko tiramadol ka danne shi ka ci gaba.

Akwai ƙananan abubuwa na gida da ba a cika faɗa wa mutum ba. Zaman harɗe a tabarma yana danna gefen ƙafa da ƙasa, daidai inda aka yi aikin, ka samu kujera. Tsugunno a banɗaki haka. Buga kik ɗin babur da ƙafar dama a bar shi tukuna, silifas ma a ajiye. Salla kuma addini ya yi sauƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan a Buhari, in ba ka iya tsayuwa ba ka yi a zaune, to in kafa yatsu a sujada ko zaman tahiya yana takura wurin ka tambayi malaminka yadda za ka yi, ba ragwanta ba ce. In kana shan sigari ko shisha wallahi ka daina, nikotin yana matse jijiyoyin jini, wurin da dama jinin bai wadace shi ba. Ka ci abinci ka ƙoshi, kar tsoron tumbi ya sa ka rage ci ƙashi na neman abin gini, kindirmo, ƙwai, wake, zogale, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, sannan ka roƙi a auna maka bitamin D, muna da rana amma ana samun masu ƙarancinsa.

Ka juya tsohon takalmin gudunka ka duba ƙasansa, in gefen waje ya fi cinyewa sosai to da gefe kake takawa, ka nuna wa likita, wataƙila a yi maka shimfiɗar cikin takalmi. Na gwanjo in za ka saya ka duba da kyau, wani ya riga ya cinye shi da irin takunsa.

Maganar ƙarfe da sanyi, wasu suna cewa suna jin ɗan tsami a wurin da hunturu, safa mai kauri ta wadatar. Ba a cire shi don wannan, yawanci barin sa ake har abada sai in kansa yana gogar takalmi yana damun ka. Abin da zai sa ka tafi asibiti ba jiran ranar ganin likita shi ne wurin ya yi ja da zafi, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi, ko sharaɓa ta kumbura tana ciwo, wannan na ƙarshen yana iya zama gudan jini ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Wata uku kenan da aka gyara min ƙashin gindin babban yatsa da ya turo gefe, likita ya ce ya haɗe. Nakan yi kilomita 10 da ƙawayena duk Asabar, amma har yanzu da yamma ƙafar kumbura take takalmina ba ya shiga. Ko aikin bai yi ba ne? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, kumburin yamma bayan irin wannan aikin yakan kai wata shida, wasu har shekara, ƙafa ita ce can ƙasa ruwa nan yake taruwa. In kin dawo gida ki kwanta ki ɗora ta kan filo ta fi ƙirjinki tudu na minti 20, ki nemi takalmi mai faɗin baki ko da lamba ɗaya ya fi naki, da yamma za ki gwada shi ba da safe ba. Abin da na fi so ki kula da shi lanƙwasuwar babban yatsan ne, da shi ake tunkuɗa ƙasa a gudu, in ya yi tauri za ki koma taka gefe ki jawo wani ciwon, don haka ki je gashin ƙashi su nuna miki yadda za ki riƙa motsa shi kullum. Tunda an ce ya haɗe, ki tambayi likitan ko ki fara tafiya da sassarfar da na yi wa ɗan'uwanmu na Zariya bayani a sama. Ranar Asabar ki bi ƙawayen naki, ki yi minti 20 ɗinki ki jira su a inda kuke tashi.