Kwalin tsofaffin kaset-kaset na gem: in sallama ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan wuta na hannu a babbar kasuwar Katsina. A kayan da na saro kwanan nan na tarar da kwali cike da tsofaffin kaset-kaset na gem, sun kai 60. Wani matashi ya taya su duka a dunƙule, yana ta ɗaga su yana karanta ƙananan rubutun da ke jiki, irin su DMG da AGB da FAH. Jikina ya ba ni ya san abin da ban sani ba. In sallama masa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sallama tukuna. Abin da matashin nan yake karantawa ba sirri ba ne, da yamma ɗaya za ka iya koyonsa.

Ɗauko kaset ɗaya na kamfanin Nintendo ka duba gefen sitikar. Za ka ga rubutu kashi uku, da ɗan layi a tsakani, misali AGB-BPEE-USA. Kashin farko yana gaya maka na'urar da kaset ɗin ke shiga. DMG na Game Boy na farko ne, wanda ya fito a 1989. CGB na Game Boy Color ne, AGB kuma na Game Boy Advance na 2001. NUS na Nintendo 64. Idan ka ga SNS, Super Nintendo ne na Amurka, SNSP na Turai, SHVC na Japan. Da wannan kaɗai ka raba kwalin gida-gida.

Kashin tsakiya sunan wasan ne a taƙaice. A tsofaffin harafi biyu ne, kamar DMG-TR na Tetris. Daga baya suka koma harafi huɗu, kuma na ƙarshen shi ne idon ɗan kasuwa: E na kasuwar Amurka, J na Japan, P na Turai, F da Faransanci, D da Jamusanci. Wancan BPEE Pokémon Emerald ne da Turanci. Wasa ɗaya, kala ɗaya, amma idan BPEF ne, rubutun cikinsa duk Faransanci ne, kuma mai sayensa daban ne. Kashin ƙarshe shi ne ƙasar da aka yi wa kayan: USA, JPN, EUR, UKV na Ingila, NOE na Jamus. FAH da ka gani na Faransa da Holan ne. Idan kayanka ta Kwatano suka biyo, kar ka yi mamakin ganinsa da yawa.

Maganar ƙasa tana taɓa aljihunka kai tsaye. Kaset ɗin Game Boy ba ruwansa da inda aka ƙera na'ura, ko'ina zai yi. Amma na Super Nintendo da Nintendo 64 a kulle suke, na Turai ba zai tashi a na'urar Amurka ba. Ka sayar wa mutum ba ka faɗa masa ba, gobe da safe yana bakin shagonka yana neman kuɗinsa, kuma yana da gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne kar ka ɗauki lambar nan a matsayin shaidar kaya na asali. Masu buga jabu ita suke fara kwafa, kuma Pokémon na Game Boy Advance na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Saboda haka ka kai kaset ɗin bakin ƙofa inda rana ke haskawa, ka karkata shi. A na asali za ka ga lambobi biyu da aka danna a jikin sitikar, ba da tawada ba, shatinsu kawai kake gani, har farce yana jin su. Sannan ka leƙa ta bakin kaset ɗin, sama da haƙoran nan masu ruwan zinare, a kan fanel ɗin akwai shekara da sunan Nintendo da ƙaramin rubutu tsaf. Idan an buɗe aka ga wani baƙin ɗigo kamar kwalta a kan fanel maimakon cif mai ƙafafu, galibi wannan jabu ne. Mai gyaran waya zai iya buɗe maka, sai dai notin na Game Boy Advance mai baki uku ne, kar a tilasta shi da sukudireba ta gida a lalata kan.

Masu ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa 9999 a kaset ɗaya, waɗanda muka tashi da su a unguwa, ba Nintendo ya yi su ba. Haɗa su wuri guda ka sayar a yadda ta samu.

Wataƙila ka ji cewa a Yulin 2021 an yi gwanjon wani kaset ɗin wasan Super Mario 64 a Amurka kan dala miliyan 1.56. Gaskiya ne, amma wancan yana cikin kwalinsa, ko ledarsa ba a taɓa yagewa ba. Naka tsirara suke, sun sha hannu da ƙura. Kar labarin ya sa ka ɗaure jarinka shekara guda kana jiran wanda ba zai zo ba.

Ni a wurinka, zan sa yaron shago ya rubuta lambar kowane kaset a littafi, cikakkiya. Sai a riƙa sa ta a eBay, wata kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ana duba nawa aka riga aka saya, ba nawa mai kaya ya sa ba, domin kowa na iya yanka farashin da ya ga dama. Ka cire kuɗin aikawa da canjin dala a lissafinka, tunda masu tara irin kayan nan sun fi yawa a Legas da Abuja da ƙasashen waje. Waɗanda suka fito da daraja ka ware, ka ɗauki hotonsu gaba da baya yadda lambar za ta fito sosai. Wasu suna da ɗan batir a ciki mai riƙe inda ɗan wasa ya tsaya, bayan shekara 25 galibi ya mutu, ka faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya.

Ragowar kuwa, kira matashin nan ku yi ciniki. Ka tambaye shi guda nawa yake so a ciki da gaske, ka lura da waɗanda hannunsa zai fara kaiwa.