Harsashin da na ɗura da hannuna ya ƙi tashi: laifin firaima ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, na kusa shekara guda ina sake ɗura harsashin bindigata mai cin samfurin .308 Winchester, wato ina tara kwanson da na harba, in sa masa sabuwar firaima (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna wa albarushi wuta) da albarushi da sabon kan harsashi. A cikin guda 50 da na ɗura kwanan nan, huɗu sun ƙi tashi da na ja kunama. Uku daga cikinsu sun tashi da na sake gwada su, na huɗun kuwa shiru har yau. Harsashin kamfani bai taɓa yi mini haka a wannan bindiga ba. Shin firaimar ce ta lalace, in zubar da sauran? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka zubar da firaimarka tukuna, domin bayanin da ka kawo ya fi nuna aikin hannu fiye da kayan kamfani. Amma kafin mu shiga bincike, akwai abin da ya fi kowane bincike muhimmanci. Duk lokacin da ka ja kunama ka ji ƙas babu ƙara, ka bar bakin bindiga yana kallon inda ka saita, kada ka buɗe sakata sai an yi aƙalla daƙiƙa 30, saboda wani harsashin jinkiri yake yi sannan ya tashi, kuma idan ya tashi sakata na buɗe, fuskarka da hannunka ne a gabansa. Idan kuwa ka ji ƙara mai rauni, ka cire harsashi ka leƙa bututun bindigar ta baya, domin ƙarfin firaima kaɗai yana iya tura kan harsashi ya maƙale a ciki, harbi na gaba kuma ya fasa bututun.

Firaimar da masu sake ɗuri ke amfani da ita ita ce irin ta Boxer, wadda ta samo sunanta daga Edward Boxer, hafsan sojan Ingila da ya yi rajistarta a 1866. Abubuwa uku ne a cikinta: ɗan kofin ƙarfe, da sinadarin da ke kama wuta idan an buge shi, da wata 'yar maƙera mai ƙafafu da ke zaune a bakin kofin. Wuta ba ta tashi sai an matse sinadarin tsakanin tsinken bugu na bindiga da wannan maƙera, kamar yadda guduma ba ta yi wa ƙarfe komai idan babu abin da ya tokare shi ta ƙasa. Ƙafafun maƙerar suna ɗan leƙowa daga kofin da gangan, don su taka ƙasan gurbin da ke gindin kwanso idan an zaunar da firaimar.

Wannan shi ne ya sa na fi ba wa harsasan nan uku da suka tashi a karo na biyu muhimmanci. Idan firaima ba ta kai ƙasan gurbinta ba, bugun farko yana ƙarewa ne wajen tura ta ciki, sai ƙarfin da ya kamata ya matse sinadarin ya tafi a banza. Bugu na biyu kuma ya same ta a zaune daram, ta tashi. Firaimar da sinadarinta ya mutu ba ta farfaɗowa don an sake bugun ta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce firaima ta nutse ƙasa da fuskar gindin kwanso da kimanin inci 0.003 zuwa 0.005, wato kusan kaurin takardar littafi, amma ni na fi amincewa da abin da hannu ke ji fiye da lamba kaɗai, domin zurfin gurbi yana bambanta daga kwanso zuwa kwanso. Da na'urar zaunar da firaima ta hannu, za ka ji lokacin da ta taɓa ƙasa, sai ka ƙara ɗan matsi kaɗan ka tsaya. Abin da ke hana ta kaiwa ƙasa yawanci tokar harbin baya ce da ta taru a gurbin, ko kuma kwanson soja ne wanda aka daɓe bakin gurbinsa ba a gyara ba. Ka shafa yatsa a gindin sauran harsasanka, ko ka tsayar da su a kan gilashi. Wanda ya yi rawa, firaimarsa ta ɗago. Ina roƙonka kada ka yi ƙoƙarin ƙara danna firaima a harsashin da ke da albarushi a ciki. Sai ka cire kan, ka juye albarushin, sannan ka gyara.

Dalili na biyu yana kama da na farko har mutane kan rikita su. Harsashin .308 da kafaɗarsa, wato inda kwanso ke tsukewa zuwa wuya, yake tokarewa a mazauninsa cikin bindiga. Idan ka matse kwanso fiye da kima lokacin mayar da shi siffarsa, kafaɗar za ta koma baya, sai harsashin ya sami wurin zamewa gaba idan tsinke ya buge shi, bugun ya yi rauni. Alamarsa ita ce lotsawa marar zurfi a kan firaimar, alhali kuwa ta zauna daidai. Ka auna kwanson da ka harba a wannan bindiga daga gindi zuwa kafaɗa, ka gwada da wanda ka matse. Bambancin da ake so a bindiga mai sakata bai wuce kimanin inci 0.002 ba. Wannan matsala ta fi ƙin tashi haɗari, domin kwanson da ke miƙewa da yawa a kowane harbi yana sirancewa kusa da gindi har wata rana ya rabe biyu.

Harsashi na huɗu kuwa sai an buɗe shi zai yi magana. Ka sa gilashin kare ido, ka cire kan da na'urar cirewa, ka duba albarushin. Idan ka tarar firaimar ta ƙone amma albarushin ya dunƙule ko ya sauya launi, to wuta ta tashi, sai dai ko kafar da take bi ta toshe da ɓurɓushin abin goge kwanso, ko kuma kwanson bai bushe ba bayan wanki. Idan firaimar ba ta ƙone ba duk da lotsawa mai zurfi a tsakiyarta, to ko mai ya shige ta, ko an murƙushe sinadarin da matsi mai yawa, ko maƙerar ta faɗi tun kafin a sa ta. A nan ne kaɗai za a fara zargin firaimar kanta.

Ita bindigar ba na zarginta sosai, tunda harsashin kamfani yana tashi a cikinta, sai dai sifirin tsinken bugu da ya gaji ko giris mai kauri a cikin sakata, musamman lokacin sanyi, yana iya isar firaima mai laushi ya kasa mai tauri, irin CCI No. 34 da aka yi wa bindigogi masu sarrafa kansu. Ka kuma duba kwalin da kyau, domin babbar firaimar raifil da babbar firaimar bistol faɗinsu ɗaya ne, inci 0.210, amma ta bistol ta fi gajarta, kuma ba a yi ta don matsin wutar raifil ba.

Shawarata ita ce ka ɗauki kwanso 20, ka share gurbinsu, ka tabbatar sun bushe kuma kafaɗarsu ba ta koma baya fiye da kima ba, ka zaunar da firaima daga wannan kwalin da kake zargi har ka ji ta taɓa ƙasa. Idan duka 20 suka tashi, firaimarka lafiya take. Idan aka sake samun wadda ta ƙi da lotsawa marar zurfi, ka kai bindigar wurin ƙwararren mai gyara ya auna tsawon fitowar tsinken da ƙarfin sifirin; idan kuwa lotsawar mai zurfi ce, ka rubuta lambar rukunin da ke jikin kwalin ka sanar da kamfanin da ya yi ta.