Tambayoyinku Kan Waya: iPhone 12 Da Tururinta, Sitika, Da Bustar Sabis

Tambaya: Malam barka da aiki. Na samu iPhone 12 Landan yus a Farm Centre nan Kano, kuɗin da sauƙi kuma batir ɗinta lafiya lau, har na kusa biya sai abokina ya ce min wai an haramta ta a Faransa saboda tana fitar da tururi mai illa ga jiki. In saya ko in haƙura?

Amsa: Saya abinka ɗan'uwa, in dai ka duba ta ka gamsu. Abokinka ya ji labarin amma rabi ya ji.

Ga yadda aka yi. A watan Satumba na 2023 hukumar da ke kula da zangon rediyo ta Faransa, ANFR, ta ce a dakatar da sayar da iPhone 12 a ƙasar. Akwai wani awo da ake kira SAR, wato yawan ƙarfin tururin waya da jikin mutum ke zuƙa, ana lissafa shi da wat a kan kowane kilo na jiki. A Turai iyakar ita ce wat 2 in wayar tana kusa da kan mutum ko gangar jikinsa, wat 4 kuma in tana hannu ko aljihun wando. To da suka gwada ta sai suka samu 5.74 a wannan awo na biyun, ka ga ta haura. Apple suka ce a'a, ai wayar tana da dabarar gane ko tana jikin mutum ko an ajiye ta a kan tebur, in an ajiye ta ne take ɗan ƙara ƙarfi don sabis ya fi kamawa, shi kuma gwajin Faransawan bai yi la'akari da wannan ba. Faransa ta ce mu dai dokarmu ke nan. Ƙarshenta dai babu wayar da aka farke, babu eriyar da aka canja, afdet kawai aka sako, iOS 17.1, a watan Oktoba, ya rage wancan ƙarin ƙarfin ga masu amfani da ita a Faransa, shi ke nan rigima ta mutu.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ƙarfin da waya ke fitarwa ba a ƙarfe kaɗai yake ba, manhaja ce ke riƙe da linzaminsa. Dokokin nan kuma canjawa suke, kowace ƙasa da nata, Amurka ma nata awon daban ne, wat 1.6 ne a can kuma hanyar gwajin ba ɗaya ba ce da ta Turai. In doka ta motsa, ta hanyar afdet kamfani ke daidaita wayoyin da suka riga suka shiga hannun mutane. Shi ya sa ni in zan sayi waya ta hannu, tambayata ta farko bayan batir ita ce, har yanzu tana karɓar afdet? iPhone 12 ta fito ne a 2020, don haka a shagon ka haɗa ta da intanet ka shiga saiti ka ga ko za ta hau sabon afdet ɗin da ake kai. Kuma don Allah mu daina wannan ɗabi'ar ta ƙin yin afdet wai yana cin data ko yana kashe batir, na san masu gyara da yawa su ke zuga mutane a kan haka, amma ba shawara ba ce mai kyau.

Wayar da ta fi ba ni tsoro ba ita ba ce, waɗannan marasa suna ne da ake zubawa a faranti a bakin titi, masu layi uku da fitila kamar ta mota, waɗanda ba wanda ya san ko an taɓa gwada su. A Najeriya doka ta ce sai hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da samfurin waya kafin a sayar da ita, kuma tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Masu Android da yawa kuma in suka danna *#07# za su ga awon SAR na wayarsu.

Tambaya: Ni uwa ce daga Zariya, yarana ba sa rabuwa da waya. Wata ta kawo min sitika ta ce in an manna a bayan waya tana tsotse tururin. In saya musu?

Amsa: Hajiya ki riƙe kuɗinki. Tururin nan shi ne sabis ɗin kansa, da shi wayar ke magana da dogon ƙarfen kamfani, in sitika ta tare shi da gaske kira ma ba zai shiga ba. In kuma ta ɗan toshe eriya, wayar ƙara ƙarfi za ta yi don ta cike giɓin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. In hankalinki bai kwanta ba, su riƙa amfani da sifika ko iyafis, kuma su rage doguwar hira a inda sabis ke sanda ɗaya, domin a nan ne waya ta fi yunƙuri. Ni dai damuwata da yara da waya ta fi karkata ga rashin barci da abin da suke kallo.

Tambaya: Malam a garinmu sai an hau tudu ake samun sabis. Zan sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, in kafa a gida, kuma yayana zai aiko min da iPhone 14 daga Amurka, za ta yi aiki a nan?

Amsa: Busta kam kar ka fara. NCC ta sha gargaɗi cewa kafa ta ba tare da izini ba laifi ne, kuma akwai dalili, ita busta ba kamar waya ba ce da ke rage ƙarfi ko ƙarawa bisa umarnin netwok, masu arha da ke kasuwa ihu kawai suke yi a kan zangon da kamfani ya biya kuɗi ya mallaka, kai ka samu sanda huɗu maƙwabta kiransu ya riƙa yankewa. Ku haɗu ku kai ƙorafi wajen kamfanin layinku a rubuce, in sun yi biris ku kira 622, layin ƙorafi na NCC ne kuma kyauta.

Ita kuma wayar yayanka, ka gaya masa tun kafin ya biya, iPhone 14 zuwa sama da ake sayarwa a Amurka ba su da wajen sa sim kwata-kwata, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna yi, amma sai ka tabbatar akwai ofishin da za a yi maka kusa da kai. Sannan ya tabbatar ba a kulle take da wani kamfanin layi na can ba, in ba haka ba za ta iso ta zama kyamara mai tsada. Batun 5G kuwa kar ya ɗaga maka hankali, wayar tana kama zangon 3.5GHz da MTN ta fara da shi a 2022, sai dai a garin da ake hawa tudu neman sabis, ba shi ne abin da za ka sa a lissafi ba tukuna.