Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, kyauta ne?

Tambaya: Malam, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu da ke Tudun Wada, Zariya, mun yi ta musu bayan an tashi wasa, har mai shayin ƙofar gidan ya kwashe kofunansa ya tafi. Shin ya dace ƙungiyar da ke neman kofi ta zuba maƙudan kuɗi a kan 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare?

Amsa: Ɗan'uwa, tun bayan hukuncin Bosman na 1995, wanda kotun Tarayyar Turai ta yanke kan sauya sheƙar 'yan wasa, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yana iya tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba, amma kuɗin da aka tsira da shi yakan koma kuɗin sa hannu, da albashi mai tsoka, da kason wakilinsa.

A ganina, ya dace idan akwai gurbin da ƙungiyar ta san ciwonta ne. Juventus ta ɗauki Pirlo daga AC Milan a 2011, ya riƙe mata tsakiya, ta lashe gasar Italiya a kakarsa ta farko. PSG kuwa, a 2021 ta tara Messi da Ramos da Donnarumma da Wijnaldum, dukkansu ba kuɗin saye, amma Real Madrid ta fitar da ita daga gasar Zakarun Turai a zagayen 'yan 16. Kofin da take ta nema bai zo hannunta ba sai a 2025, bayan Messi da Mbappe sun bar Faransa.